Hanya Ita Ce Uwar Gari: Labarin Sekondi Da Takoradi

 Muna so mu kawo muku labarin garin nan da muke zaune cikinsa, watau Sekondi da ƙanwarta Takoradi, yadda suka faro da yadda suka kai inda suke yau. Mu dai aikinmu karantar da yara ne a makarantar Arabiyya. Malamanmu kuwa sun hore mu da cewa kome za a karanta a nemi asalinsa tukuna, kalma a nemi tushenta, magana a nemi wanda ya ruwaito ta. To, gari ma haka yake. Wanda bai san abin da ya tara mutane a wuri ba, ba zai san abin da zai watsa su ba.

Abin da muka tarar cikin labarin nan guda ɗaya ne, shi muke so ku riƙe tun daga farko. Hanya ce ta gina garin nan. Duk sa'ad da sabuwar hanya ta faɗo nan, sai gari ya cika ya batse. Duk sa'ad da ta kauce kuwa, ko da 'yan mil kaɗan ne, sai ciyawa ta tsiro a inda ake cin kasuwa jiya.

Ƙasar nan ta Ahanta ce. Wannan shi ne farkon abin da ya kamata yaron zongo ya sani, don baƙon da bai san mai masaukinsa ba bai gama sauka ba. Tun kafin wani Bature ya ga gaɓar nan Ahanta suna nan, suna su a teku, suna noma a tudu, suna bikinsu na Kundum in amfanin gona ya nuna. Sekondi da Takoradi a lokacin nan ƙauyukan masunta ne, ba su fi sauran ƙauyukan gaɓa da kome ba. A cikin ƙarni na 17 Turawan Holan suka kafa gidan ciniki a kan tudun Sekondi, daga baya suka mai da shi soro mai ganuwa da igwa, suka sa masa suna Orange. Ingilishi kuma suka zo suka gina nasu kusa da shi. Gari ɗaya ya rabu biyu, da Sekondin Holan da Sekondin Ingilishi. Abin da suke nema zinariya ce, sa'an nan bayi. Soron Holan yana nan tsaye har yau, an mai da shi gidan fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya da dare.

Kada a zaci Ahanta sun miƙa wuya salin-alin. Sarkinsu Badu Bonsu na Biyu ya yi faɗa da Holan, suka kama shi suka rataye a 1838, suka yanke kansa suka tafi da shi ƙasarsu. Kan nan bai dawo gida ba sai a 2009, bayan shekara 171. A 1872 Holan suka bar wa Ingilishi dukan sorayensu na gaɓar nan, suka kama hanyar gida. Duk da wannan kai da kawowa ta shekara ɗari biyu da wani abu, Sekondi ba ta girma ba, don ba ta da babbar hanyar da ta shiga cikin ƙasa. Manyan garuruwan gaɓa a zamanin nan su ne Elmina da Cape Coast, inda hanyoyin Asante suke ɓullowa.

Kakanninmu fa, ina suke a lokacin? Suna can arewa, ba su da wata hulɗa da teku. Kasuwarsu Salaga ce a ƙasar Gwanja. Ayari ya taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, madugu na gaba, jakuna na biye, a sayo goron Asante a Salaga a koma. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, Gwanja ta fita daga hannun Asante, Asante kuwa suka janye goronsu zuwa wasu kasuwanni. A 1892 kuma yaƙin basasa ya faɗa wa Salaga, fatake da malamai suka watse, wasu Karaki, wasu Kintampo, wasu Yeji, wasu har Ankara babban birnin ƙasar nan. Salaga ita ce aya ta fari a gare mu. Birni ne da sunansa ya kai ko'ina cikin ƙasar Hausa, amma da hanyar goro ta bar shi bai sake komawa yadda yake ba.

Sa'an nan hanya ta fari ta zo wa Sekondi. Turawa suna son zinariyar Tarkwa da Obuasi, injunan haƙa kuwa ba su ɗaukuwa a kan mutum cikin kurmi. Sai gwamnatin Gwalkwas ta yanke shawarar shimfiɗa dogo daga bakin teku, ta zaɓi Sekondi. Aka fara aiki a 1898. Dogo ya kai Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, Kumasi a 1903, tafiyar mil 168. Wannan ita ce reluwe ta fari a ƙasar nan. Ku dubi abin mamaki, ƙauyen masunta cikin 'yan shekaru ya zama ƙofar Asante duka. Kamfanonin Turawa suka gina kantuna da sito-sito, aka kafa babbar ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, aka yi unguwar Turawa a kan tudu. Lebura suka zubo daga ko'ina, da Fanti, da mutanen Kuru na Laberiya, da Yarbawa daga Ikko, da mutanen arewa.

Fataken goro ba su yi barci ba. Suka ga goron da ake kai wa Kano a bayan jaki cikin watanni, yanzu yana iya hawa jirgin ƙasa daga Kumasi zuwa Sekondi, ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko. Da dogon Ikko ya kai Kano, sai hanya ta haɗu daga wannan baki har wancan. Goro kuwa abu ne mai son gaggawa, in ya daɗe a huhu sai ya bushe ko ƙwaro ya shige shi. Wanda ya rage kwanakin tafiya ya rage hasara. Alhasan Ɗantata, wanda daga baya ya zama babban attajirin Kano, yana cikin waɗanda suka riƙa bin wannan hanya ta ruwa tun yana saurayi. A cikin shekarun nan ne zongon Sekondi ya cika. Mai gida ya buɗe zaure don saukar baƙi, dillali ya zauna kusa da shi, mahauci ya kafa rumfa, wanzami da tela suka samu wuri, malami ya hura wutar karatu. Hausawa da Yarbawa da Mosawa da Zabarmawa da Wangarawa da Dagombawa da Kotokoli suka zauna unguwa ɗaya, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Daga nan muka fito. Dogo ne ya kawo mu, ko da yake yawancin kakanninmu da ƙafa suka iso.

Amma Sekondi tana da aibi guda. Ba ta da ruwa mai zurfi. Babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, sai ya tsaya can nesa, kwale-kwale su je su kwaso kaya suna faɗa da igiyar ruwa. Fasinja ma a cikin wata kujerar katako ake sauko da shi da igiya. In teku ta yi fushi sai kaya su jiƙe, wasu su nutse, wani lokaci har da rai. A dā ana haƙuri da haka. Amma tun 1911 Gwalkwas ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da koko, ga katako, ga kuma manganis da aka fara haƙa a Nsuta a zamanin Yaƙin Duniya na Farko. Wannan kaya ya fi ƙarfin kwale-kwale.

Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, shi ya tsaya kai da fata sai an gina tasha mai zurfi. Masu awo suka duba gaɓa, suka ce Takoradi ta fi dacewa. Aka fasa duwatsu aka zuba cikin teku, aka yi katangu biyu masu tare igiyar ruwa, jirgi ya shigo tsakaninsu ya kwanta lafiya. An kashe fiye da fam miliyan 3, aka buɗe ta a 1928. Ita ce tasha mai zurfi ta fari a ƙasar nan. Takoradi kuwa ba kara zube aka gina ta ba. Sai da aka zana ta a takarda tukuna, aka sa kasuwa a tsakiya kamar cibiya, tituna suka fita daga jikinta ta kowace fuska.

To, a nan ne aya ta biyu take. Tsakanin Sekondi da Takoradi ba wata tafiya ba ce, mai ƙarfin ƙafa yana zuwa ya dawo a yini. Amma wannan ɗan tazara ya isa. Jiragen ruwa suka daina tsayawa Sekondi, kamfanoni suka bi su, kuɗi ya bi kamfanoni. Ƙanwa ta sha gaban ya. An haɗa garuruwan biyu ƙarƙashin majalisa ɗaya a 1946, ofisoshin mulkin Yankin Yamma kuma suna Sekondi har yau, amma ciniki ya ƙaura. Mu da muka tashi a nan mun yi wasa a gindin tsofaffin benayen unguwar Turawa, rufi ya zube, itace ya tsiro ta taga. Muna yara mun ɗauka haka aka gina su. Sai da muka girma muka gane a nan ne dukiyar Asante take kwana kafin ta hau ruwa.

Hanya ta uku ta sama ta zo. A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, Bahar Rum ya zama da wuyar bi ga Ingilishi, ga shi kuwa sojojinsu na Masar suna bukatar jiragen sama. Sai suka riƙa kawo jiragen a wargaje cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a haɗa su a nan, su tashi. Daga Takoradi sai Ikko, sai Kano, sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, sai Janaina da Fashir da Hartum, har Alƙahira. Daga watan Satumba na 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Dattawa, kun ji sunayen nan. Daga Kano zuwa Hartum, ai ita ce hanyar da alhazanmu suka riƙa bi da ƙafa, suna yin shekaru kafin su ga Bahar Maliya. Jirgin yaƙi ya bi sawun mahajjaci cikin kwanaki kaɗan. A zamanin yaƙin nan kuma aka fara fitar da ƙasar alminiyam ta Awaso ta tashar nan. Da yaƙi ya ƙare wannan hanya ta sama ta mutu, ta bar mana filin jirgin sama.

Garin da dogo da tasha suka gina, garin ma'aikata ne. Mutumin da yake tuƙa jirgin ƙasa ko yake gyaran inji ya san in ya naɗe hannu ƙasa duka za ta tsaya. Saboda haka 'yan reluwe na Sekondi suka zama ƙashin bayan ƙungiyoyin ƙwadago. A watan Janairu na 1950, da Kwame Nkrumah ya kira jama'a su ƙi ba Turawa haɗin kai, su ne kan gaba wajen yajin aiki, Pobee Biney direban jirgin ƙasa yana cikin jagororinsu. Sarkin Essikado, Nana Kobina Nketsia na Huɗu, har kurkuku ya shiga saboda wannan al'amari. Aka samu mulkin kai ran 6 ga Maris 1957. Amma a watan Satumba na 1961 waɗannan ma'aikata ɗin dai suka yi wa gwamnatin Nkrumah yajin kwana 17, don an ce za a riƙa yanke kashi 5 cikin 100 na albashinsu a matsayin ajiyar dole. Matan kasuwa suka riƙa ciyar da su. Mutanen garin nan ba su duba fatar mai mulki ba, abin da ya taɓa tukunyarsu suka duba.

Daga nan sai rana ta fara karkata. A 1962 aka buɗe tashar Tema kusa da Ankara, yawancin kayan da ake shigowa da su ƙasar nan suka koma can. Abin da Takoradi ta yi wa Sekondi, shi Tema ta yi wa Takoradi, ko da yake koko da katako da ma'adinai sun ci gaba da fita ta nan. Goro ma ya riga ya sami wata hanya, don Yarbawa sun dasa irin na Gwanja a ƙasarsu, Kano ta sami goro kusa da gida. Sa'an nan ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba da odar cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin mako biyu. Iyayenmu suna ba mu labarin wannan lokaci da murya ƙasa-ƙasa. Mutum ya yi shekara arba'in a gari, ya haifi 'ya'ya da jikoki, ya sayar da gida da arha ya hau mota, don ba shi da wata 'yar takarda. Zongaye suka yi shiru. Bayan haka dogon da ya haifi garin ya tsufa ba mai gyara. Jirgin fasinja na Takoradi zuwa Kumasi ya daina tafiya shekaru da yawa ke nan, kaya masu nauyi suka koma kan manyan motoci suna farfasa titi.

Hanya ta huɗu a idonmu ta zo, daga ƙarƙashin teku. A 2007 aka gano man fetur a rijiyar da aka sa wa suna Jubilee, can cikin ruwa wajen kilomita 60 daga gaɓar yamma. Ran 15 ga Disamba 2010 Shugaba Atta Mills ya buɗe famfon fari. Aka shiga kiran Takoradi birnin mai. Ƙidayar 2010 ta sami mutum fiye da rabin miliyan a cikin garuruwan biyu da unguwanninsu. Otal-otal suka tashi, aka faɗaɗa tasha, gonakin bayan gari suka zama filaye na sayarwa. Muna samari a lokacin, kowa yana cewa arziki ya zo.

Ya zo kam, amma ba kamar na dā ba. Dogo ya ɗauki dubban mutane masu ƙarfin damtse, tasha ma haka. Duk wanda ya iso da lafiyarsa ya sami abin yi, ko dako ko gadi ko fasa dutse. Aikin mai kuwa a can tsakiyar teku ake yinsa, a kan jirgi, mutane kaɗan ne, kowannensu da takardar shaidar abin da ya koya. Abin da ya iso unguwanninmu shi ne tsadar haya. Mun ga mai gida ya ce da magidanci ya biya kuɗin shekara biyu gaba ɗaya ko ya kwashe kayansa. Mun ga yaran da suka sauke karatu a hannunmu, masu kaifin ƙwaƙwalwa, suna tsaye a bakin ƙofar kamfani ana tambayarsu takardar walda ko ta lantarki. Masunta kuma an hana su matsawa kusa da wurin haƙar, inda kifi yake taruwa saboda hasken fitilu.

Yanzu fa sai mu haɗa lissafi. Salaga ta dogara ga hanyar goro, Sekondi ta dogara ga kwale-kwale, Takoradi ta dogara ga tasha, yau kuma ana dogara ga mai. Rijiyar mai kuwa ba kamar rijiyar ruwa ba ce da damina ke mayar mata da abin da aka ɗiba. Kowace hanya da ta zo garin nan, wasu ne can nesa suka zana ta don bukatarsu, da bukatar ta sauya suka zana wata. Ba laifi ba ne mu ci arzikin hanya, ai zongo ɗan hanya ne. Amma kakanninmu in hanya ta kauce sai su ɗaura wa jaki kaya su bi ta. Mu fa? Kaburburan iyayenmu suna nan, 'ya'yanmu da Fanti suke mafarki, ba mu da wata Salaga da za mu koma. Wanda ya zauna ba ya rayuwa da dabarar matafiyi.

Me ya rage a wuri in hanya ta tashi? Mun duba labarin nan daga farko har ƙarshe, abu biyu muka gani. Na fari ƙasa, da shaidar mallakarta. Ahanta sun ga zuwan Holan da tafiyarsu, sun ga zuwan Ingilishi da tafiyarsu, suna nan. Na biyu sana'ar hannu da ilimi. Maƙeran da suka koyi aiki a ma'aikatar reluwe, da jirgi ya tsaya ba su kwana da yunwa ba, sun buɗe garejinsu. Saboda haka muna roƙon iyayenmu masu gidaje a zongon Sekondi da Effiakuma da Kwesimintsim, duk wanda gidansa ke tsaye a kan alkawarin baki da kakansa ya yi da wani sarki, ya nemi a rubuta a sa hannu tun masu shaida suna da rai. Shekarar 1969 ta riga ta koya mana darajar takarda. Ku kuma ƙannenmu, ga jami'ar koyon sana'a a cikin Takoradi, ga makarantun fasaha. Yaron da ya iya haddace nahawu da sarfu, lissafin inji ba zai gagare shi ba. Allo da safe, sana'a da rana, ɗaya ba ya korar ɗaya.

Roƙonmu na ƙarshe ga dattawa ne. Shekarun da muka kawo a takardar nan, na dogo da tasha da gwamnoni, duk an rubuta su tuntuni. Labarin zongo kuwa yawancinsa a cikin ƙirjinku yake: wane ne ya fara sauka, wane sarki ya ba shi wuri, wa ya fara limanci, waɗanne gidaje suka tafi a 1969, su wa suka dawo. Alhaji Umaru na Karaki, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta abin da ya gani a zamaninsa da Larabci da Hausa, shi ya sa har yau ake sanin yadda Salaga ta watse. Mu ma muna da alƙalami da tawada. Duk dattijon da ya yarda, ya aiko yaro ya kira mu bayan la'asar, mu zo mu durƙusa mu rubuta, a buga a takardar nan kaɗan-kaɗan.

Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya shirya zuriyarmu, ya zaunar da garin nan da mu da masu masaukinmu lafiya, amin. Haza wasalam.